Kifi Na Ganinka Mai Jar Koma: Nazari a Kan Fatsa da Ƙoton Yaudara a Ruwan Tafki Mai Garau

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce, "Kifi na ganinka mai jar koma." Akan yi wannan karin magana ne ga mutumin da ke ƙulla wata dabara yana zaton ba a gane shi ba, alhali wanda ake ƙulla dabarar dominsa yana kallon duk abin da ake ciki. Idan aka ajiye ma'anar ciki aka dubi ta fili, za a tarar da wani ilimi na masunta a ƙunshe, wato kifi yana da ido, yana gani, kuma abin da ya gani yana iya hana shi kusantar tarko. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin wannan batu ta hanyar nazarin wani nau'i na kamun kifi wanda kacokan ya dogara a kan ganin kifi, wato fatsa da ƙoton da ba abinci ba ne, a cikin ruwan tafki mai garau. Za a bayyana ma'anar kalmomin da suka shafi sana'ar, da tarihin wannan dabara, da yadda kifi ke gani da ji a cikin ruwa, sannan a kawo matakan da mai fatsa ke bi domin ya ci nasara. Daga ƙarshe za a dubi abin da ya shafe mu a ciki, mu da muke da manyan tafkuna irin su Kainji da Tiga.

2.0 Ma'anar Su da Fatsa da Ƙoto

Su sana'a ce ta kama kifi, kuma tana daga cikin tsofaffin sana'o'in Hausawa na gado. Masu yin ta su ne masunta, kuma akwai Sarkawa waɗanda suka shahara da ita a ƙasashen Kabi da Yawuri, suna da shugabanni irin su Sarkin Ruwa. Kayan aikin masunta sun haɗa da koma da homa da birgi da taru da gura da undurutu da mashi, da kuma mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi masu yawa.

Ita kuwa fatsa reshe ce ta su. Ana yin ta da sanda da zare da ƙugiya, kuma kifi ɗaya ake kamawa a kowane jefi. Abin da ake maƙalawa a bakin ƙugiya domin jawo kifi shi ne ƙoto. A al'ada akan yi amfani da tana ko fara ko shinge ko ɗan ƙaramin kifi ko curin tuwo. Duk waɗannan abinci ne na gaske, suna da ƙamshi da ɗanɗano.

Abin da wannan maƙala ta kira ƙoton yaudara kuwa wani abu ne da aka ƙera da ƙarfe ko itace ko roba ko gashin tsuntsu, aka yi masa siffar abin da kifi ke ci, aka maƙala masa ƙugiya. Ba abinci ba ne, kuma idan aka ajiye shi a ruwa ba tare da motsi ba kifi ba zai kula shi ba. Mai fatsa ne ke sa masa rai ta hanyar jefa shi nesa yana janyo shi. Ke nan bambancin da ke tsakaninsu shi ne, ƙoton gaske yana kiran kifi ta hanci da baki, shi kuwa na yaudara ta ido da motsi yake kiransa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Ƙoton Yaudara

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubuci ɗan Rum mai suna Claudius Aelianus ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara a jikin ƙugiya domin su kwaikwayi wani ƙwaro da kifi ke cafkewa a saman ruwa.

A Amurka, wani mai suna Julio Buel ya sami takardar mallakar fasahar wani ƙoton ƙarfe a shekarar 1852. Ana ba da labarin cewa cokalinsa ne ya faɗa tafki, ya ga yana lilo yana walƙiya yayin nitsewa har kifi ya kai masa cafka. Shi ya sa har yanzu ake kiran wannan nau'i da sunan cokali.

Misalin da ya fi dacewa da batunmu shi ne na Lauri Rapala, wani talakan masunci a ƙasar Finlan da ke su a Tafkin Paijanne. Ruwan tafkin yana da garau, don haka ya sami damar kallon abin da ke gudana a ciki. Ya lura cewa idan babban kifi ya faɗa cikin garken ƙanana, ba kowanne yake bi ba, yakan zaɓi wanda ke iyo a karkace yana tangaɗi saboda rauni. A shekarar 1936 sai ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya lulluɓe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, ya narka fim ɗin hoto ya shafe shi domin kada ruwa ya shiga. Ya yi ta gyara har abin ya riƙa tangaɗi irin na kifi mai rauni. Sunansa ne kamfanin Rapala yake ɗauke da shi. Bayan haka, a shekarar 1949 Nick Creme na jihar Ohayo ta Amurka ya fito da tanar roba mai laushi.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, duk waɗannan mutane kallon kifi suka fara yi kafin su ƙera wani abu. Ilimin ɗabi'ar kifi shi ne tushe, kayan aiki daga baya suka biyo.

4.0 Gurɓataccen Ruwa da Ruwan Garau

Yawancin gulabe da fadamun ƙasar Hausa ruwansu a dame yake, musamman da damina, saboda laka da yashi da ambaliya ke kwasowa. A irin wannan ruwa kifi ba ya ganin abin da ya wuce ɗan taƙi kaɗan. Wannan ne ya sa mafi yawan kayan su na gargajiya ba su damu da ɓoye kansu ba. Alal misali, a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a shekarar 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, dubban masunta ne ke afkawa cikin Matan Fada lokaci ɗaya da homa da gora. Ruwan ya dame, kifi ya ruɗe, a lalube shi a kama.

Gina manyan madatsun ruwa ya kawo wani sabon yanayi. An kammala madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1968, ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990. Idan ruwa ya shiga tafki gudunsa yakan ragu, laka ta kwanta a ƙasa, saman ya tace. Saboda haka da rani akan sami ruwa mai haske fiye da na gulbi.

Tafkin Kainji, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 1,270, misali ne mai kyau, domin ambaliya biyu yake samu a shekara. Ta farko tana zuwa ne daga wajen watan Agusta, daga ruwan saman da aka yi a yankunan da ke kusa, har da wanda gulaben Sakkwato da Rima ke kawowa. Tana ɗauke da laka mai yawa har ruwan ya yi fari-fari kamar an dama gari, shi ya sa masana suka kira ta farar ambaliya. Ta biyu kuwa ruwan saman tsaunukan ƙasar Gini ne. Yakan yi watanni yana ratsa faffaɗar fadamar da ke tsakiyar ƙasar Mali, inda yake sauke lakarsa, sai ya iso Nijeriya wajen watan Disamba zuwa Fabrairu a tace. Wannan ita ce baƙar ambaliya. Sunan bai saɓa wa Hausa ba, domin Bahaushe ma yakan ce baƙin ruwa ga ruwan da ba a gauraya shi da komai ba.

Masana suna auna hasken ruwa da wani faifai da ake kira faifan Secchi, wanda wani malami ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fara amfani da shi a 1865. Akan ɗaura faifan a igiya a zura shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, sai a auna tsawon igiyar. Mai fatsa ma zai iya yin haka da farin murfin kwano. Idan murfin ya ɓace tun bai kai kamu ɗaya ba, ruwan a dame yake. Idan kuwa ana hango shi a zurfin mita biyu ko fiye, to an shiga ruwan da kifi ke ganin mai jar koma.

5.0 Yadda Kifi ke Gani da Ji

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata mai nazari ya sani.

Na farko shi ne launi. Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara ɓacewa, a wajen zurfin mita biyar, sai ruwan lemo, sai rawaya. Kore da shuɗi su ne ke kaiwa can ƙasa. Ke nan jan ƙoto da ke ɗaukar ido a hannun mai shi, idan ya nitse sosai baƙi-baƙi kifi zai gan shi.

Na biyu shi ne tagar sama. Saboda yadda haske ke karyewa idan ya shiga ruwa daga iska, kifi yana hangen duk abin da ke waje ne ta wata zagayayyiyar taga a saman kansa, mai faɗin kusan digiri 97. Abin da ya yi tsawo, kamar mutumin da ya miƙe tsaye a kan dutse ko cikin kwalekwale, yana bayyana sarai a wannan taga. Wanda ya durƙusa ko ya ja da baya kuwa yakan matse a gefenta, ya yi wuyar ganewa. Idan iska ta kaɗa fuskar ruwa, tagar takan wargaje, ganin kifi ya ragu.

Na uku shi ne ƙara. Sauti yana gudu a cikin ruwa fiye da ninki huɗu na gudunsa a cikin iska, wato kusan mita 1,480 a daƙiƙa ɗaya. Maganar mutane ba ta cika shiga ruwa ba, amma bugun filafili a jikin jirgi ko faɗuwar ƙarfe a cikinsa yana isa kunnen kifi nan take.

Na huɗu shi ne layin gefe. Duk wanda ya taɓa gyaran kifi zai lura da wani siririn layi da ya taso daga kai zuwa wutsiya a kowane gefe. Wannan layi yana ɗauke da ƙananan gaɓoɓi masu jin motsin ruwa. Da shi kifi ke gane cewa wani abu yana iyo kusa da shi ko da cikin duhu ne. A gurɓataccen ruwa layin gefe da hanci ne ke jagora. A ruwan garau kuwa ido ne ke yanke hukunci na ƙarshe: kifi yakan biyo ƙoto, ya dube shi, in bai gamsu ba ya juya.

6.0 Ire-iren Ƙoton Yaudara

Ana iya kasa su gida biyar dangane da siffa da yadda suke motsi:

(a) Cokali: ƙarfe ne mai lanƙwasa kamar bakin cokali. Yana lilo yana walƙiya kamar cikin ɗan kifi. Yana da nauyi, don haka yana tafiya nesa idan an jefa.

(b) Mai farfela: yana da ɗan faifan ƙarfe da ke juyawa a jikin waya idan ana janyo shi. Yana ba da walƙiya da girgiza lokaci ɗaya.

(c) Ɗan kifin itace ko roba: an yi masa siffar kifi, da ɗan leɓe a gaba. Leɓen ne ke sa shi nitsewa da tangaɗi. Gajeren leɓe yana tafiya kusa da sama, dogo yana nitsewa ƙasa.

(d) Roba mai laushi: tana zuwa da siffar tana ko ɗan kifi ko kwaɗo. Akan soke ta a ƙugiya mai kan dalma domin ta kai ƙasa.

(e) Mai yawo a sama: ba ya nitsewa, yana fantsama ruwa kamar kwaɗo ko fara da ta faɗo. Ya fi aiki da asuba da almuru.

7.0 Dabarun Fatsa a Ruwan Garau

7.1 Launi da girma

Ƙa'ida ta farko ita ce a kwaikwayi abin da kifin wurin ya saba ci. A Tafkin Kainji, alal misali, akwai ƙananan kifaye masu ruwan azurfa da ake kira warangi, akwai ƙawara da 'ya'yan karfasa, kuma su ne abincin manya. Saboda haka ƙoto mai ruwan azurfa ko fari ko mai koren baya da farin ciki ya fi dacewa. Launuka masu ƙarfi irin su ruwan lemo da rawaya mai haske an fi bukatar su a ruwan da ya dame, inda ake son kifi ya hango abu ko ta halin ƙaƙa. Haka kuma a ruwan garau ƙaramin ƙoto ya fi babba samun karɓuwa a mafi yawan lokuta, domin aibinsa bai cika bayyana ba.

7.2 Zare

A nan ne karin maganarmu ya fi fitowa fili, domin kauri da launin zare suna iya tona asirin mai fatsa. Ana so a yi amfani da mafi sirantar zaren da zai iya ɗaukar kifin da ake nema. A shekarar 1971 kamfanin Kureha na ƙasar Japan ya fito da zaren fulorokabon. Yadda wannan zare ke karya haske ya fi kusa da na ruwa idan aka kwatanta da zaren nailan: ma'aunin ruwa 1.33 ne, na fulorokabon kusan 1.42, na nailan kuwa ya haura 1.5. Wannan ya sa bai cika bayyana a cikin ruwa ba. Da yake yana da tsada, akan ƙulla mita ɗaya ko biyu ne kawai a ƙarshen babban zare, daidai inda ƙoto yake.

7.3 Nisa da sanɗa

Mai fatsa a ruwan garau tamkar maharbi ne a fili. Ana so ya jefa ƙoto nesa, ya guji tsayawa a inda zai yi tsawo, ya lura kada inuwarsa ta faɗa kan wurin da yake nufi. Tufafi masu duhu ko ruwan ƙasa sun fi farar riga. Idan a jirgi mai inji yake, sai ya kashe injin tun daga nesa ya ƙarasa da filafili a hankali.

7.4 Lokaci

Kifaye masu farauta sun fi fitowa lokacin da haske ya yi rauni, wato daga asuba zuwa hantsi da kuma daga la'asar sakaliya zuwa almuru. Ranar da hadari ya rufe sama, ko hazon hunturu ya dushe rana, ko iska ke ɗan kaɗa ruwa, ta fi ranar da ruwa ya kwanta lumui kamar madubi. Da tsakar rana kifi yakan koma zurfi ko inuwa.

7.5 Wuri da zurfi

Ba ko'ina kifi yake zama a tafki ba. Yakan laɓe a gindin duwatsu, da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye lokacin cika tafki, da bakin ciyawa, da inda tudu ya gangara zuwa zurfi, da mashigar rafi. Game da zurfi kuma, ba daidai ba ne a ɗauka cewa can ƙasa ne manya suke a koyaushe. A lokacin zafi ruwan tafki mai zurfi yakan kasu hawa-hawa, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, kuma ba sa gauraya. Na ƙasan yakan rasa iskar shaƙa saboda ruɓewar ganyaye, kifi ya guje shi. Saboda haka akan gwada zurfi daban-daban, ana ƙirga daƙiƙoƙin da ƙoto ya yi yana nitsewa kafin a fara janyowa, har a dace da hawan da kifi yake.

7.6 Motsi

Darasin Rapala yana nan: kifi mai rauni ake kwaikwaya. Akan janyo, a dakata, a ɗan fizga, a sake janyowa. Sau da yawa lokacin dakatawar ne kifi ke kai cafka. Sai dai a ruwan garau jan ƙoto a hankali ƙwarai yana ba kifi damar ƙare masa kallo. Idan aka ga kifi yana biyowa yana juyawa, sai a ƙara sauri ko a sauya ƙoto zuwa ƙarami.

8.0 Kifayen da Suka Fi Amsa Wannan Dabara

Ba kowane kifi ake yaudara ta ido ba. Tarwaɗa da kurungu da ire-irensu suna da gashin baki mai ɗanɗano, da shi suke laluben abinci a cikin laka, don haka galibi ƙoton gaske ya fi kama su. Waɗanda suka fi amsa ƙoton yaudara su ne masu farauta da ido, kuma biyu daga cikinsu sanannu ne a ruwayenmu.

Na farko shi ne giwan ruwa. Yana cikin manyan kifayen ruwan daɗi na duniya, yana iya kusantar mita biyu a tsawo. Idonsa yana da wani shimfiɗi mai maido da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare, wanda ke taimaka masa farauta a cikin duhu-duhu. Tafkin Nasir na ƙasar Masar, wanda ya samu sakamakon madatsar Aswan da aka kammala a 1970, ya yi suna wajen fatsar wannan kifi. A can ne a watan Disamba na shekarar 2000 aka kama wani mai nauyin kilo 104 da ɗoriya da sanda da zare, aka rubuta shi a kundin bajinta na duniya. Kifin nan dai shi ne wanda muke da shi a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi.

Na biyu shi ne tsage, mai haƙora kamar ƙusoshi masu shiga tsakanin juna. Yana da saurin gaske, kuma yana son ƙoto mai walƙiya da ake janyowa da sauri. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna wani jinsinsa a tafkin Schroda na Afirka ta Kudu yana tsalle yana cafke tsuntsayen da ke shawagi dab da fuskar ruwa, abin da ke nuna kaifin ganinsa. Haƙoransa suna yanke zare, don haka dole a sa 'yar siririyar waya kafin ƙoto. A nan mai fatsa yakan shiga tsaka mai wuya: waya tana bayyana a ruwan garau, rashinta kuma asarar ƙoto ne. Mafita ita ce a sa mafi siranta da gajarta, mai duhun launi.

9.0 Amfani da Abin Kiyayewa

Fatsa da ƙoton yaudara ba za ta maye gurbin taru da birgi ga mai ciyar da iyali ba, kuma kayanta na waje suna da tsada. Duk da haka tana da fa'idoji. Ƙoto ɗaya yana iya yin shekaru ana aiki da shi. Ba a bukatar kashe ƙananan kifaye domin yin ƙoto. Kifi ɗaya ake kamawa a lokaci guda, kuma yawanci a leɓe ƙugiya ke kama shi, don haka ana iya sakin wanda bai isa ci ba ya koma da ransa. Bugu da ƙari, maƙeranmu da masassaƙanmu za su iya ƙera cokali da ɗan kifin itace da kayan gida, kamar yadda Rapala ya fara da ɓawon itace.

Wannan ya sha bamban da munanan hanyoyin da ke ƙarar da kifi, irin su zuba guba kamar gamalin, da jefa nakiya, da amfani da raga mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa a Nijeriya. Ita ma fatsa tana da nata haɗarin idan aka yi kwaɗayi, domin manya take zaɓa, kuma a jinsin giwan ruwa mafi girman nan yawanci mata ne masu ɗauke da miliyoyin ƙwai. Wanda ya kwashe su ya yanka kaza mai ƙwai. Wannan ne ya sa masu fatsar nishaɗi a wurare da dama suke auna babban kifi su mayar da shi ruwa.

Haka kuma bai kamata a bar tsinkakken zare a bakin ruwa ba, domin yana daɗewa bai ruɓe ba, yana sarƙe ƙafafun tsuntsaye. Dalma ma guba ce. A Ingila an hana amfani da ƙananan dalmar fatsa tun 1987 saboda yadda take kashe tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta.

Daga ƙarshe, hasken ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ne. Ƙwayar cutar tsargiya tana rayuwa a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke bakin tafkuna, tana shiga ta fatar wanda ya tsaya a ciki, ko da ruwan ya kai madubi haske. Kututturan da kifi ke so kuma su ne ke fasa jirgi, don haka rigar kariya daga nitsewa wajibi ce ga duk wanda zai shiga tafki.

10.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa a ruwan garau kifi yana gani kafin ya ci, kuma duk dabarun fatsa da ƙoton yaudara, tun daga zaɓen launi da zare har zuwa lokaci da wurin tsayawa, an gina su ne a kan wannan gaskiya. An kuma ga cewa abin da masana kimiyya suka auna da na'ura, masuncin Bahaushe ya riga ya taƙaita shi a cikin karin magana guda.

Akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa a wannan fage. Sunayen kifaye da na kayan su sukan bambanta daga Argungu zuwa Yawuri zuwa Haɗeja zuwa Baga, kuma yawancinsu a kan dattawan masunta suke. Yayin da kayan zamani ke shigowa, suna zuwa da sunayensu na waje, tsofaffin kalmomi kuma suna ja da baya. Zai yi kyau duk ɗalibin da garinsu ke kusa da ruwa ya yi amfani da hutu ya zauna da masunta, ya rubuta sunayen da suke kiran kowane kifi da kowane irin ruwa, ya kuma tambaye su abin da suke kiran sababbin kayan nan. Idan aka sami sunan da ya fi "ƙoton yaudara" zama a bakin masu sana'ar, shi ya fi cancanta a ɗauka. Allah ya sa mu dace, amin.